Goran da Ya Haɗiye Muryar Iya

A gidan hayarmu na Unguwar Shanu, wutar da ke riga kowa kwana ita ce ta matan gida, wadda ke bin bayan kowa kuwa ta Iya ce, kakata ta wajen uba. Sauran mata kan sauke tuwo su yayyafa wa murhu ruwa tun kafin magariba. Ita sai an idar da sallar isha take ɗora kaskonta, ta zuba yashi, ta zauna a kan 'yar kujerarta tana juya gyaɗa da sakaina. Gyaɗar da za a kai talla gobe ke nan. Mu yaran gidan, namu da na maƙwabta, sai mu kewaye ta da faifai muna ɓare mata ta jibi. Wanda ya naɗe hannu ba shi ba tatsuniya, in kuwa ta kama ka kana jefa ƙwaya a baki, sakainar nan mai zafi za ka ji a gwiwa.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ummi yake ce mini. Ita kuma Takwara take cewa, ɗakinmu ɗaya, bargonmu ɗaya.

Idan yashi ya yi zafi, gyaɗa ta fara ƙamshi, sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Daga nan ba ka ƙara jin komai sai ƙarar ɓawo. Iya murya gare ta kamar ba ta mutum ɗaya ba. Za ta yi maka kura, ta yi maka jariri, ta yi maka tsohon da ba haƙori, duk ba ta daina juya kasko ba. Amma fa tatsuniyoyinta ba su da tausayi ko kaɗan. A wajenta wanda ya faɗa rijiya ya faɗa ke nan, babu wani tsuntsu da zai zo ya ciro shi. Inna, mahaifiyata, takan yi ƙorafi cewa ƙanena Ɗanlami zai jiƙa mata tabarma saboda tsoro. Iya ta ce, "Bar shi ya ji tsoron a nan ina kusa. Wanda zai ji a waje babu mai riƙe masa hannu."

Abu biyu ne Iya ba ta wasa da su, kuma su biyun ne suka haɗu suka ci ta. Na farko, ba ta tatsuniya da rana. Ko kuka za ka yi, ko birgima, in dai akwai sauran haske a sama cewa take, "So kake in ɓace?" Haka aka gaya mata tun tana yarinya a ƙasar Katsina, mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, ita kuma ta riƙe. Na biyu, Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a gabanta, ni za ta kalla ta ce, "Takwara, tambayi mai gidan nan ko an sami gawayi." Shi ma ni zai ba amsa. Tun ban san me ake nufi ba nake ɗaukar magana daga wannan tabarma in kai waccan.

Baba rumfar rediyo gare shi a Babbar Kasuwa, yana sayarwa yana gyarawa. Lokacin ba a daɗe da barin fam da sule ba, kuɗin mai sun shigo gari, kowane leburan da ya karɓi albashi rediyo yake so ya rataya. Ban taɓa ganin mutumin da ke son gobe kamar mahaifina ba. In ya ci tuwo ya jingina da bango, sai ya fara: Turawa sun taka wata sun dawo. Nan gaba ƙarfe ne zai yi noma, ƙarfe zai yi lissafi. Za ka zauna a Kaduna ka yi magana da mutum yana Makka kana ganin fuskarsa. Maƙwabta su yi ta dariya suna cewa Malam Sale ya sha hayaƙin dalma. Iya kuwa, daga bakin murhu, sai ta ce, "Takwara, waɗanda suka taka watan, wa ya aike su?"

Wata ranar Alhamis ya dawo da wani baƙin akwati mai hannu, ya zauna da shi a ƙofar ɗakinsa ya rufa masa hannun babbar riga. Ba wanda ya kula. Iya ta yi tatsuniyarta har ƙarshe, ta rufe kamar yadda ta saba, "Na tuƙe ta nan, wanda bai ji ba ya tambayi toka." Muna shirin tashi sai muka ji an gyara murya daga jikin Baba, an ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Wallahi Ɗanlami a kan cinyata ya faɗo. Sakaina ta suɓuce daga hannun Iya, ta shiga a'uziyya. Muryar ta ci gaba, ga kukan kura, ga tarin da Iya ta yi a tsakiya, ga inda ta tsaya ta ce wa Ɗanlami ya daina sosa gindi a gaban mutane. Yara suka fashe da dariya. Baba baki har kunne.

"Wace ce wannan tsohuwar?" in ji Iya, a hankali.

Na ce, "Ke ce, Iya."

Ta daɗe tana kallon wuta. Gyaɗa ta fara ƙauri, ba ta juya ba. Can ta ce, "Takwara, tambayi mai gidan nan, da izinin wa?"

Baba ya ce, "Ummi, gaya mata rikoda ce, ilimi ne. Yanzu ko bayan ranta za a riƙa jin ta."

"Ce masa ran bai fita ba tukuna."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Kaskon gyaɗa guda ya ƙone a daren, abin da ban taɓa gani ba.

Da abin ya tsaya a gida, da ta haƙura. To ina! Baba ya gano cewa mai sayen rikoda ba ya yarda da waƙa, don cewa yake ai rediyo ma tana yi. Amma in ya ji tsohuwa tana tari tana faɗa da jikanta, nan take yake gaskata cewa akwatin na kama muryar kowa. Sai kaset ɗin Iya ya zama abin gwaji a rumfa. Daga baya ma ya riƙa kwafa yana haɗa wa duk wanda ya saya a matsayin gyara.

Laraba ce ta kawo labarin, wata maƙwabciyarmu mai sayar da abinci a kasuwa, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Ta shigo da yamma ko tukwane ba ta sauke ba ta ce, "Iya, ashe kin shiga kasuwa ba ki gaya mana ba! Yau da azahar 'yan dako sun cika gaban rumfar Malam, ba masaka tsinke. Wajen kukan kurar nan har da masu riƙe ciki. Wani ma yana kwaikwayon tarinki."

"Da azahar?" in ji Iya.

"Rana tsaka, wallahi."

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane ba. Matar nan tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa taka kasuwa ba. In baƙo namiji ya yi sallama, yaro take aikawa, don kada muryarta ta wuce zaure. Ga shi yau ɗanta ya ɗauki muryar ya shanya a tsakiyar maza, tana tatsuniya da rana tsaka, ita kuma tana gida ba ta da ikon rufe bakin. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado ta yi tagumi. 

Da Baba ya dawo ta aike ni, alhali yana tsaye a tsakar gida yana alwala. "Ki ce ya dawo mini da muryata."

Washegari ya kawo kaset ya miƙa mini. Na kai mata, ta karɓa da gefen zane kamar wani abin ƙazanta, ta jefa a murhu. Warin roba ya cika gidan. Ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi, har ta fara gyara zama. Sai Baba ya ce, yana goge hannu, "Ummi, ce mata kada ta damu, ba a yi asara ba. Uwar kaset ɗin tana rumfa. Wasu ma sun kai Zariya, wani direba ya tafi da guda Jos."

Na tsaya ban faɗa ba. Ta ce, "Na ji, Takwara. Ba sai kin ɗauko ba."

Daga ranar ta tsuke bakinta. Yara su zo da faifai su zauna, ta juya gyaɗa, shiru. Su roƙa, shiru. Tana ganin in ta ƙi, zai ji kunya ya tattaro mata abinta. Kash, ba ta san ɗan da ta haifa ba. Da ya ga yara suna zaman banza, sai ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya ajiye rikodar a kan tebur ya danna. Yaro yaro ne. A can babu ɓare gyaɗa, babu sakaina a gwiwa, kuma in an zo wajen kura ana iya mayarwa baya a sake ji. Kafin mako ya zagayo bakin murhu ya koma daga ni sai ita.

Wannan zaman ne ba ya barin raina har yau. Ga Iya a gefena, baki a rufe, tana ɓara da yatsunta masu amosani. Ga Iya a ɗakin Baba tana ba yara dariya. In ta can ta yi tari, sai in ga ta nan ta dafe maƙogwaro.

Cikin wannan hali kasuwa ta buɗe wa Baba, ya sami gida a Malali. Ginin bulo, wutar lantarki, famfo, kicin a cikin gida da risho. Muka je gani, bango fari tas. A hanyar dawowa ya ce wa Inna gidan ba na murhu ba ne, hayaƙi zai ɓata fenti, ga maƙwabta duk ma'aikata. Iya kuma ba ta iya zama ba wuta. Saboda haka ya yanke cewa Rigachikun ta fi mata, wajen 'yar ƙanwarta Gwaggo Abu, akwai iska, akwai itace. Inna ta ce, "Malam, yaran fa? Sun saba da ita." Ya ce, "Ai suna da ita a kaset."

Ni aka ba saƙon in kai. Iya ta saurara har na gama, ta ce to.

Daren da za a wayi gari a tafi da ita, ta hura wuta alhali babu gyaɗar soyawa, an riga an ɗaure kasko. Ta juya kujerarta ta fuskanci bangon ɗakin Baba. Sai muka ji ta gyara murya, da ƙarfi yadda ba ta saba ba: "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Yara suka fito a guje har suna ture juna.

Ta ce wata tsohuwa ce da 'ya'yanta maza biyu, suna da gonar gero nesa da gari. Kowace shekara in gero ya fitar da kai, sai su kafa mata doguwar rumfa a tsakiyar gona, ta hau da tsani ta wuni tana korar tsuntsaye jan-baki. "Haa! Ku tashi, ba naku ba ne!" Daga gida suna jiyo ta. In suka ji muryar ta fara dushewa, sun san ƙishirwa ce, sai ɗaya ya ruga da ruwa da fura, don in muryar ta mutu tsuntsaye za su cinye gero.

Ran nan wani baƙo mai gyartai ya sauka a garin da wani gora. Duk abin da ka faɗa a bakinsa haɗiyewa yake, in iska ta busa ya amayar, ya yi ta amayarwa ba gajiya. 'Ya'yan suka karɓa, suka kai wa uwarsu ta yi kuwwa a ciki, suka rataye shi a jikin rumfar. Suka ce, "Kin huta, tsohuwa. Yi kwanciyarki, gora zai yi." Da za su tafi suka ari tsanin don gyaran rumbu, suka ce gobe za su dawo da shi.

Gobe ta yi, suka kasa kunne, murya garau. Jibi ma garau. Babban ya ce lallai ƙaramin ya kai mata ruwa. Ƙaramin ya ce lallai babban ya kai. A saman rumfa kuwa tulu ya bushe. Tsohuwa ta leƙa ƙasa, ba tsani. Ta tattara sauran ƙarfinta ta ce, "Ruwa! 'Ya'yana, ruwa!" Gora ya haɗiye wannan ma.

A nan Iya ta yi muryar, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, har tsikar jikina ta tashi. Sannan ta yi ta goran, ƙato, cike da lafiya: "Ruwa! 'Ya'yana, ruwa!" Ta ce tsuntsaye sun fi tsoron wannan kukan a kan na farko, ko ɗaya bai ƙara sauka ba. 'Ya'yan suna jiyowa daga gida suka ce, "Ji tsohuwa da ƙarfinta. Mai jin ƙishirwa ba ya irin wannan ihu."

Gero ya nuna, ba su taɓa samun irinsa ba. Ranar girbi suka tuna da tsani, suka kafa suka hau. Suka tarar da zane da ƙasusuwa, ungulu sun daɗe da gamawa. A saman kansu gora yana ta kiran ruwa.

Ɗanlami, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Sai suka fasa goran ko, Iya?"

"Su fasa? Baɗi fa, wa zai kori tsuntsu? Suka sauke shi, suka shafe shi da mai, suka adana a rumbu. Har yau in ka bi ta gonar da kaka za ka ji ta." Ta tura itace cikin wuta da ƙafa. "Na tuƙe ta nan. Wanda bai ji ba, ya ji."

Na tabbata saƙon ya shiga, don na ga inuwar Baba a jikin labule tun farkon tatsuniyar. Wannan ce doguwar maganar da ta taɓa yi masa a rayuwarta, kuma ba ta bi ta bakina ba. Sai ga shi ya fito. Ya miƙa hannu kan tagarsa ya ɗauko rikoda, ya danna ta tsaya.

"Kai, wannan ta fi duka," in ji shi. "Ummi, ce mata Allah ya ƙara basira."

Mutane sun sha ce mini bai gane ba ne. Ƙarya ne. Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga jin shuuu ɗinta, shi ne zai kasa gane wannan? Ya gane sarai. Ya dai auna ne ya ga fentinsa ya fi.

Aka kai ta Rigachikun, muka tare a Malali. A sabon gida kowane dare Iya tana falo, a kan kabad, kusa da fulawar roba. Ana jin ta kullum da ƙarfinta, sai ya zama kamar tana nan. In Inna ta ce ya kamata a je a dubo tsohuwa, Baba ya ce in kaya sun iso, in an gama azumi, in ruwa ya ɗauke. Talabijin ta fara shigowa rumfarsa, ba shi da lokacin kansa.

Akwai wani direba, Malam Iro, da ke bin hanyar Zariya. Shi ya tsaya a ƙofarmu wata safiya ya ce Iya ba ta jin daɗi, ta ce a kawo mata yara ta gan su. Baba ya ce bayan Sallah in sha Allahu. Sai kuma fuskarsa ta washe, dabara ta zo masa. Da yamma ya jera mu a falo ya sa sabon kaset. Ɗanlami ya gaishe ta ya karanta mata Fatiha. Inna ta yi mata sannu. Da aka zo kaina na ce, "Iya, Takwara ce," sai kuka ya ƙwace mini. Baba ya mayar baya ya goge. "Sake. Kada ki tayar mata da hankali." Na sake, na ce muna lafiya, gidan yana da kyau, muna jin ta kullum. Ya ce yawwa.

Aka ba Malam Iro kaset. Inna ta ce, "Malam, da me za ta ji? Gidan Abu ko rediyo babu." Ya ce zai aika da rikoda daga baya. Mutumin da rikoda ke jibge a rumfarsa har rufi.

Ba a kai Sallah ba. Malam Iron ne dai ya sake tsayawa a ƙofa, wannan karon ya cire hula. Muka shiga mota. Abin da ya fara ba ni haushi, tun kafin baƙin ciki ya iso, shi ne kusancin wurin. Da Inna ta ɗora shinkafa muka fito, da mun isa ba ta tsotse ba. Ashe nan ne Rigachikun ɗin da aka yi ta sa wa rana.

Bayan an kai ta makwancinta, Gwaggo Abu ta ja ni ɗaki ta kwance ƙullin kayan Iya. Ga carbi, ga sakaina, ga kaset ɗinmu, fanko. A gefen wani zane an ƙulle wani abu, ta kwance, sai ga zaren kaset a dunƙule.

Ta ce, "Da aka kawo, ta tambaye ni ina yaran suke a ciki. Na ce direba ya ce a jikin zaren nan maganar take. Sai ta sa tsinke ta jawo shi. Kullum in ta idar da salla sai ta kara a kunne, tana ja da yatsa kaɗan-kaɗan kamar mai jan carbi. Har ta kai ƙarshe."

Na ce, "Me ta ce?"

Gwaggo ta kau da kai. "Cewa ta yi, 'Abu, yaran ba su ce komai ba.'"

Baba ya yi kuka a wajen zaman makoki, kuka sosai, ban ce na ƙarya ba ne. Amma kaset ɗin gora bai bar rumfa ba. Ya ci gaba da kwafa yana haɗa wa masu saye har uwar ta tsinke don kanta.

Yanzu na girmi Iya a shekarun da ta hura wutar ƙarshe, kuma ina nan a gidan Malali, fentin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa ba tare da hayaƙin kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk abin da Baba ya faɗa ya faru. Ƙarfe yana noma, yana lissafi. Da na je Makka, a waya Ɗanlami ya riƙa ganin fuskata. An yi mini aikin ido da wani haske, ina gani tar, ba zan yi butulci ba. Da ina yarinya na ɗauka mugun tatsuniyar shi ne gora. Daga baya na lura goran bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da aka ba shi ya riƙa mayarwa. Da can dushewar muryar tsohuwa ce ke tayar da 'ya'yan su ɗauki tulu. Da aka samo muryar da ba ta dushewa, sai suka zauna. Kuma kowace shekara ana ƙero sabon gora, wanda ya fi na bara iya magana.

Ɗana na fari yana Abuja da iyalinsa. Ya sa wa 'yarsa sunana, ni ma na sami takwara. Rabona da ganin ta tun tana rarrafe, sai dai in tura musu saƙon murya, su turo hoto. Kwanan baya ya kira, ya ba ta wayar ta gaishe ni. Yarinyar ta ce, "Hajiya, tatsuniyar jiya ta yi daɗi."

Na ce, "Wace tatsuniya?"

"Wadda kika ba ni. Kullum ma ke kike ba ni."

Uban ya karɓi wayar yana dariya, kuma wallahi dariyar kakansa ce sak. Ya ce, "Umma, fasaha ce. Saƙonnin da kike turowa na ɗora wa na'ura ta koyi muryarki. Yanzu duk labarin da aka ce ta ba da, da muryarki take bayarwa. Ke kike sa ta barci kullum."

Na ce a mayar wa yarinyar. Na tambaye ta yadda tatsuniyar ta ƙare. Ta ce kowa ya zauna lafiya. Ko a nan na san ba daga gidanmu ta fito ba.

Ni ba Iya ba ce, ban riƙe kunyar ɗan fari ba. Na kira sunansa ƙarara, na ce, "Sadiku, da izinin wa?" Na faɗa masa abin da ke raina kai tsaye, ba ta bakin yaro ba, ba ta bango ba. Na ce muryata tana nan inda Allah ya ajiye ta, mai so ya zo ya ɗauka. Ya saurara da ladabi, ya ba ni haƙuri, ya ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce bayan Sallah in sha Allahu.

Na ajiye wayar. Shekara da shekaru ina cewa da Iya ta iya buɗe baki ta yi wa Baba magana ido da ido, da ba a kai ta Rigachikun ba. Ashe ba nan matsalar take ba.

Tun daga ranar, kafin in kwanta sai na cika kofi da ruwa na ajiye inda hannuna zai kai.